Abin da Inji Ya Ce

Kwamfuta ɗaya ce a biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya, a Dogon Dutsi. Mutum biyar ke aiki da ita, kowa da sunansa da kod ɗinsa na shiga, kowa iyakarsa takardunsa. Manyan umarni kuwa sai Gidaɗo, wanda ya koya wa kansa aikin.

Injin buga takardu yakan cushe, ba ya tashi sai an goge abin da ya maƙale. Duk ranar da Gidaɗo ya tafi Sukukutane, Kaltume sakatariya kan yini tana shan zagin masu jira. Tausayi ya sa ya buɗe mata umarnin gogewa. Ya kamata ya taƙaita shi ga takardun injin kawai, amma ɗan kabu-kabu na ta danna masa odar babur a waje. Ya bar shi a sake, ya hau babur.

Da ya dawo, taswirar burtali ta ɓace, wadda ta nuna gonar ƙanen Alhaji Alhassan, shugaban ƙungiyar, ta ci hanyar shanu. Babu kwafi. Rajistar kwamfuta ta rubuta: Kaltume, Talata, bayan azahar.

"Ƙanwata, wa kika ba kod ɗinki?" Gidaɗo ya tambayi Kaltume.

"Baba Alhaji ya ce in buɗe mishi in tai in yi salla," in ji ta. "Shi ya yanka ragon sunana, Yaya. Da wane baki zan ce a'a?"

"Ki faɗa a taro."

Ta yi dariya mara daɗi. "Kai ka faɗa mana. Wa ya bar ƙofar buɗe?"

Kwana uku yana juya maganar. Mai kunya ce da laifi, ko wanda ya ci moriyar kunyar, ko mai gaggawar hawa babur? In ya ambaci Alhaji, ba shi da shaida. In ya ambaci kansa, aikinsa ya tafi.

Ranar taro Alhaji ya gyara babbar riga. "Malam Gidaɗo, mu jahilai ne. Mi inji ya ce?"

Gidaɗo ya karanta sunan da ranar da lokacin. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba.

Kaltume ta ajiye makullin biro a kan tebur, ta ɗauki butarta, ta fita ba ta dube shi ba.

Da la'asar ya zauna ya gyara umarnin, ya taƙaita shi yadda ya kamata. Minti biyu aikin ya ci.