Asu a Ɗakin Sufyanu

Hindatu na ɗaga gefen dardumar sai wasu ƙananan ƙwari masu fukafukai suka tashi. Ta shafa wurin, gashin ya biyo yatsunta kamar dusa. A ƙarƙashi ga fararen tsutsotsi, ga huji ko'ina.

"Shahida! Taho ki gani."

Ɗiyarta ta leƙo, hannunta duk kumfar wanki. "Asu ne, Inna. Ai dole. Ɗaki kullum a kulle, ba rana, ba iska, ba mai takawa."

Ɗakin Sufyanu ne, babban ɗan Hindatu. Da can motocin albasa yake bi daga Illela zuwa Agadas, sai a wata tafiya ya zarce Aljeriya neman aiki, shekaru suka yi ta wucewa. Dardumar ta gashin tumaki ce, ja mai ratsin baƙi. Shi ya shigo da ita a kafaɗa, yana dariya, ya ce a kanta abokansa za su ci tuwon angwancinsa.

Suka jawo ta tsakar gida, suka rataya a igiyar shanya. Shahida ta ɗauko sanda ta fara bugu.

"A hankali mana!" in ji Hindatu.

"Inna, in ba a buga ba ƙwan ba ya fita."

Hindatu ta kau da kai. Ta share ɗakin lungu-lungu, ta wanke daɓen da ruwan zafi, ta kwashe sharar ta ƙona a bayan gida. Sannan ta yafa mayafi ta nufi kasuwa sayen kafur. A hanya ta tarar ana lodin albasa. Ta rage tafiya, tana duban fuskokin masu ɗaure buhuna ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ta san Sufyanu ba ya cikinsu.

Bayan la'asar, suna shimfiɗa ganyen dogon yaro a daɓen, wayar Shahida ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙa wa uwar da sauri.

"Inna, ina wuni?" Muryar na zuwa tana yankewa.

"Suhyanu! Lahiya kake? Kana cin abinci?"

"Lahiya lau, Inna. Mi kuke yi?"

 Tun safe Hindatu take tunanin yadda za ta faɗa masa. "Ka yi haƙuri, ɗana. Asu ya shiga dardumarka. Amma mun shanya ta, ɓarnar ba ta kai tsakiya ba."

"Wace darduma?"

"Ja ɗin nan. Wadda ka zo da ita daga Agadas."

"Au! Ashe tana nan? Ku yar da ita mana, Inna, kar ta wahalshe ku."

"To," ta ce. "Yaushe za mu gan ka?"

"Sai dai addu'a. Aiki ya..." Layin ya yanke.

Hindatu ta daɗe riƙe da wayar. Daga baya ta tashi ta sauke dardumar daga igiya. Da ɗumin rana a jikinta. Ta zauna bakin ƙofa, ta ɗora gefen da asu ya ci a kan cinyarta, tana auna hujin da ɗan yatsa.

Shahida ta tsaya a kanta, ta sassauta murya. "Inna, ko tuna ta bai yi ba."

"Na ji shi," in ji Hindatu, ba ta ɗago ba. "Miƙo min babbar allura da jan zare."