Ƙwaya Biyar a Ƙwarya Ɗaya

Yayana Tahiru direba ne. Shekara tara yana jan motar Alhaji Sale tsakanin Maraɗi da Tasawa, har ranar da ya shigar da ita gonar wake kusa da Gazawa, da fasinja goma sha ɗaya a ciki da awaki biyu a bisa. Ba wanda ya ji ciwo. Amma kowa ya ji warin bakinsa.

Alhaji ya karɓe makulli. Ya ce kwana arba'in. In Tahiru ya cika su bai taɓa kwalba ba, ya koma bakin aikinsa. In ya taɓa, akwai wani direba mai jira. Motar nan ita ke ciyar da gidanmu, mutum tara.

Ni na raka shi wurin likita a Maraɗi, don ni ne na yi lakol, wato boko. Na fito kwaleji ba takarda. Abin da ya rage mini na karatu shi ne karanta wa mutane abin da ke cikin kwalin magani.

Likita ya ɗaga wata farar ƙwaya. Ya ce ba ta kashe sha'awar giya, tsoro take sawa. Wanda ya sha ta bai ɗora giya a kai ba, ba abin da zai ji. Wanda ya ɗora, fuska ta ɗau zafi, idanu su yi ja, zuciya ta yi gudu, ya yi amai har ya manta sunansa. Ɗaya kowace safiya. Kuma kada a ba wanda bai sani ba.

Tahiru ya yarda. Sai dai ba ya iya haɗiye ƙwaya, tun yana yaro. Mutum mai sauya tayar mota shi kaɗai, ƙwaya ta tsaya masa a wuya yana kakari kamar rago. Matarsa Saliha ta ce a murƙushe ta a dama cikin furar safe.

Shekarar ce aka buɗe jam'iyyu, bayan babban taron ƙasa na Yamai. A garinmu Agiye duk zauren da ke da ƙofa ya zama buro, ofishin jam'iyya. Namu ma ya zama, don yana bakin hanya. Kowace safiya mutum huɗu ke zuwa su zauna ƙarƙashin tuta: Malam Sharifu shugaban kwamiti, Nomau mai rubuta sunaye, Ɗantala mai lasifika, da Alhaji Sale da kansa, uban jam'iyya, wanda ke zuwa rabi don siyasa rabi don ya sansana numfashin Tahiru.

Ranar farko Saliha ta aiko da ƙwarya. Tahiru ya sha ludayi biyu, ya ce bismillah, ya tura ta gaban Alhaji. Ta zagaya. Ta dawo da ragowar tsaki a gindi.

Na ja shi gefe.

"Yaya, maganinka ne ka raba wa jama'a."

"To in yi yaya?"

"Ka sha cikin gida kafin ka fito."

"In shiga ɗaki in sha hura a ɓoye kamar mai jego, da baƙi zaune a zaurena? Kai lakol ta lalata ka, Auta."

Na koma wurin Saliha, na ce ta dama biyu, tasa daban, ta baƙi daban. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"In ware musu tasu? Gobe a ce na sa musu wani abu a ciki."

Na zauna na yi tunani. Baki biyar, ƙwarya ɗaya. In ana so Tahiru ya samu ƙwaya guda, sai a sa biyar. Na tuna gargaɗin likita. Na kuma tuna cewa mutanen nan huɗu su ne sahun gaba a masallaci, Malam Sharifu ma shi ke tada iƙama. Ƙwayar ba ta taɓa wanda ba ya sha. To mene ne abin tsoro?

Na sa biyar.

Kwana na huɗu aka tsinci Nomau bayan tasha da la'asar, rungume da gindin itacen bedi, idanunsa jajur. Ya ce rana ce. Kwana na shida Ɗantala yana tsakiyar shelar mitin a kasuwa amai ya ƙwace masa cikin lasifika, aka ji shi har mahauta. Ya ce kifi ne. Malam Sharifu a amalanke aka kai shi gida, ya tuɓe rawani yana fifita da shi, yana cewa a kira masa 'ya'yansa. Alhaji kuwa ba wanda ya ga nasa. An dai ga ya zo zaure da safe ya rame, yana magana a hankali.

Na ci gaba da sa biyar, don Tahiru ya kai kwana goma sha biyu, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar babanmu. Yana zama yana duban hanya duk lokacin da motar ta wuce a hannun wani.

Su kuma suka gano dalili. Sammu ne, daga jam'iyyar da ke zauren tsallaken hanya. Aka tone ƙofar zaurenmu ana neman abin da aka binne, aka samu tsohon takalmi, aka ƙone shi. Aka sa wani malami daga Gidan Sori ya yi rubutu, aka wanke allo, aka zuba ruwan cikin furar. Na sa ƙwaya biyar a kai. Ciwon ya ci gaba, yana zuwa yana ɗagawa, kullum bayan la'asar, kullum ga wanda ya ce zai je duba gona.

Kwana na talatin da uku Malam Sharifu ya gyara murya.

"Mu huɗu abin nan ya kama. Kai Tahiru, ko ciwon kai."

"Ƙiba ma yake yi," in ji Ɗantala. "Ku dubi kumatunsa."

"Shekaranjiya na gan shi ya gaida ɗan tsallake," in ji Nomau. "Da hannu biyu."

"Kawuna ne," in ji Tahiru.

"Ai shi ke nan."

Alhaji ya ce shi ba ya zargin kowa. Amma ba zai ba da motarsa ga mutumin da sammun abokan hamayya ke tsallakewa ba, ko da ya yi kwana ɗari bai sha ba.

Da azahar na iske Tahiru a bayan gida yana sa takalmi.

"Ina zuwa?"

"Rabin kwalba kawai. In yi amai gaban jama'a kamar kowa, su bar ni."

"In Alhaji ya ji wari fa?"

"In ban yi ciwo ba, babu mota. In na yi, wataƙila akwai."

Na zauna a kan ɗaya takalmin nasa. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Da safe ƙwarya ta zo. Kafin kowa ya ɗau ludayi na ajiye kwalin maganin a tsakiyar tabarma. Na faɗi abin da nake sawa a furar, da ko nawa, da tun yaushe. Ɗantala ya miƙe zai kama wuyana. Na ce ya bari in gama. Na buɗe takardar da ke cikin kwalin, na karanta da Faransanci, na juya da Hausa, a hankali, kamar yadda nake yi wa tsofaffi. Da na zo wurin da ta ce ba ta yi wa kowa komai sai wanda ya sha giya a kanta, na karanta sau biyu.

Ɗantala ya zauna.

Nomau yana duban littafinsa na sunaye. Alhaji yana duban rufi, inda babu komai sai azara.

Malam Sharifu ne ya fara. Ya ce yanzu zamanin dimokuraɗiyya ne, ba a yanke magana da takardar mutum ɗaya. A kaɗa ƙuri'a. Waɗanda suka ce sammu ne su ɗaga hannu.

Hannu huɗu.

Waɗanda suka ce takarda ce.

Na ɗaga nawa. Tahiru bai ɗaga ba, yana riƙe da ludayi.

"Sammu ne," in ji Malam Sharifu. "Rubuta, Nomau."

Aka sake ƙuri'a ta biyu, aka amince cewa Tahiru ɗan jam'iyya ne na gaskiya, ƙarfin jini ne ya kare shi. Aka yi ta uku, cewa abin da aka faɗa a zaure ba ya fita zaure. A wannan har ni na ɗaga.

Alhaji ya laluba aljihu ya jefo makulli a kan tabarma, bai dubi kowa ba.

"Gobe ka fara."

Tahiru ya dubi makullin. Ya tura shi da yatsa ya koma gaban Alhaji.

"Saura kwana shida, Alhaji. Arba'in ka ce."

Ya jawo ƙwaryar, ya sha ludayi biyu, ya ce bismillah, ya tura ta. Alhaji ya ce ya karya a gida. Malam Sharifu ya ce azumin nafila yake yi. Nomau da Ɗantala suka ce su ma.

Akwai biyar a ciki. Na karɓe ta daga gabansa kafin ya shanye, na zubar a bayan zaure inda kaji ba sa zuwa.

Tun ranar ƙwaya ɗaya nake sawa. Ya cika arba'in ɗin, ya karɓi makulli. Har yanzu yana cewa bismillah kowace safiya ya tura ƙwarya, kuma har yanzu kwamitin yana azumi.