Idon Mai Agogo

Mai agogo ya fi kowa sanin abin da ke kumbura masa ido, shi ya sa ya fi kowa yin shiru a kan maganar.

Kullum da safe sai ya tashi fatar idonsa ta yi suntum kamar an hura ta. Ya je shago, ya manna ɗan madubin aikinsa a ido, madubin ya ƙi zama. Tela maƙwabcinsa kuwa ba ya barin abu ya wuce shi.

"Maigida, wa ya dake ka? Faɗa mini in rama maka."

Autarsa nas ce, tana zuwa duba shi ranar hutunta, kuma ta ɗauki idon nan tamkar aikin asibiti. Ta sa cokula a firij ya riƙa dannawa. Ta yanka kokwamba ta jera masa yana kwance, dattijo guda kamar farantin salak. Ta jiƙa ganyen shayi ya huce ta ɗora. Ta ƙara masa filo don kansa ya ɗaga. Gishiri ma ta ɗauke daga kicin, abinci ya koma salam, ya ci bai ce uffan ba. Wannan haƙurin ne ya fara ba ta mamaki, domin Baba mutum ne da kan yi ƙorafi ko shayi ya cika zafi.

Abin da yake ɓoyewa mage ce. Wata ramammiya mai yagaggen kunne, ta shigo ta taga bayan rasuwar matarsa, ta zaɓi filon marigayiyar ta kwanta. Shi da ya yi shekaru yana korar maguna da takalmi, sai ga shi yana sayo mata madara a ɓoye. Ya san gashinta ne ke sa shi atishawa da ƙaiƙayin ido. Ya kuma san Auta: ranar da ta gane, ranar magen za ta bar gidan. Don haka duk ranar zuwan Auta sai ya kai magen shago ya rufe.

Ran nan Auta ta yi sammako ba sanarwa, ta shiga canza zanin gado. Tana ɗaga filo magen ta miƙe, ta yi hamma, ta dube ta kamar ita ce baƙuwar.

"Baba! Wata nawa ina fama da cokali da kokwamba, ashe ga likitar da ke ba ka ciwon a kwance?"

"Shigowa ta yi."

"Da kwanonta ta shigo? Har da madara?"

Ta ɗauko kwali, ta ce akwai mai son mage a wurin aikinsu. Ya tsaya bakin ƙofa da idanunsa jawur, kunya ta ishe shi, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

"Auta, bar ta. Idon zai saba."

"Ba ya sabawa, Baba. Ka zaɓa, ko idonka ko ita."

Ya daɗe yana kallon filon.

"Tun da mamarki ta tafi, in na farka ba na jin numfashin kowa a ɗakin nan sai nawa. Yanzu ina jin na biyu."

Auta ta tsaya da kwalin a hannu. Can ta ajiye shi a ƙasa, kusa da gadon, ta ninke tsohon tawul ta shimfiɗa a ciki.

"A nan za ta riƙa kwana, ba a filo ba. Gobe zan kawo maka magani."

Ta juya tana kakkaɓe zanin gadon, ta daɗe ba ta waiwayo ba.