Kabad Mai Taya Huɗu

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, Zahari kafinta ya tura sabon kabad ƙarƙashin teburin injin zartonsa. A ranar ce kuma matarsa Donka ta fita daga gida, ba ta dawo da ƙafarta ba.

Injin tsoho ne, na baƙin ƙarfe, ya girmi 'yarsu. A gefensa na dama Zahari ya ƙara faffaɗan tebur don dogon katako ya sami wurin kwanciya idan ana tsaga shi. Ƙarƙashin wannan ƙarin akwai fili, tsayinsa ya kai ƙugu da ƙyar. Duk kafintan da ya shigo shagon sai ya ba da shawara a kansa. Wannan ya ce a yi durowoyi, wancan ya ce a jera faya-fayan zarto, wani ya ce akwatin guntayen katako ya fi. Zahari yakan ce zai duba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana dubawa.

Shekarar da suka yi aure gidan bai sami rufi ba tukuna, don haka a shagon suka yi sanyinsu na farko. A kan teburin nan suke cin abinci. A ƙarƙashinsa Donka ta ajiye tukwane biyu, da buhun wake, da 'yar kujerar tsuguno. Da suka tare a gida ta kwashe tukwanen, ta bar kujerar, shi kuma bai taɓa ɗauke ta ba.

Ciwon mantuwar Donka ya fara da zuba gishiri sau biyu a miya. Daga nan ya ɗauki sunan 'yarta, ya ɗauki ranakun mako, har ya ɗauki gidan ma. Takan tsaya a ɗakin girkin da ta yi shekara arba'in tana gogewa, ta tambaya yaushe masu gidan za su dawo. Ta daina ce wa Zahari "tsohon nan", ta koma kiransa Maistor, yadda masu kawo aiki suke kiransa. Wuri ɗaya ya rage mata a duniya. Kowace safiya takan ƙetare tsakar gida da kwanon wake, ta sunkuya ta shige ƙarƙashin teburin, ta zauna a kan kujerarta tana tsince farin wake daga mai zane. Da yamma Zahari yakan sake gauraya su.

"Maistor, mijina bai dawo ba?"

"Yana hanya."

"Kullum yana hanya. Malalaci ne fa, sai surutu. Amma hannunsa na da kyau."

"Haka nake ji ana faɗa."

"Kai ma ka koya a wurinsa. Dubi yadda ka riƙe guduma, kamar mai kashe ƙuda."

A nan ne kawai take dariya, a nan ne kawai take cin abin da aka miƙa mata.

A watan Oktoba 'yarsu Bilyana ta zo daga birnin Plovdiv. Tana tsaye a bakin ƙofa ta ga uwarta ta miƙo hannu daga ƙasa tana share garin katako daga kan teburin, faifan zarto bai gama tsayawa ba. Tsakanin yatsunta da haƙoransa bai fi taki ɗaya ba.

"Baba, hankalinka ɗaya kuwa?"

"Shekara biyu tana zama a nan. Ƙirga yatsunta, goma ne. Ni ne mai tara."

"Ba wasa na zo yi ba. Ko ka toshe ramin nan, ko in tafi da ita gidan kula da tsofaffi. Na riga na yi magana da su, akwai gado."

"Akwai gado a nan ma. Ni na yi shi."

Ta ciro wayarta ta shiga nuna masa hotuna: kabad mai durowa shida, kabad mai ƙofa, kanta mai ramuka don tsayar da faya-fayai. Maza masu fararen haƙora suna murmushi kusa da injinan da ba su taɓa cin ƙura ba.

"Duk duniya haka ake yi, Baba. Kai kaɗai ne ka ajiye mace a wurin."

Ta ba shi zuwa ƙarshen Nuwamba. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne tana da gaskiya, kuma ya san wace ce ta koya mata faɗar gaskiya ba gishiri.

Kwana takwas ya yi yana aikin. Durowa biyar: siririya a sama don fensir da ma'auni, biyu don ƙusoshi, mai zurfi ɗaya, sai ta ƙasa mai tsaga-tsaga, kowane faifan zarto da gurbinsa don kada haƙora su gogi juna. Donka ce take riƙe masa bakin tef idan zai auna.

"Na wa ne wannan, Maistor?"

"Na wani wawa."

"To ka karɓi kuɗinka tun da wuri."

Abin da Bilyana ba ta sani ba shi ne ya sa wa kabad ɗin taya huɗu. Dabararsa mai sauƙi ce. Idan aka ji motarta ta hawo tudu, a tura shi ciki. Idan ta tafi, a jawo shi waje, a mayar da kujera. Ranar da zai kunna injin kuma, zai jira sai Donka ta yi barcin rana. Ya ji daɗin wannan dabara ƙwarai. Bai gaya wa Donka ba, don duk abin da aka gaya mata da safe ba ya kaiwa rana. Ya bari sai ta gani da idonta.

Ranar Talatar maƙwabcinsa Trifon ya zo da wayarsa don a aika wa Bilyana hoto. Suka fitar da kujerar, suka jingine ta bayan ƙofa, suka tura kabad ɗin. Ya shige daidai, ko takarda ba za ta ratsa gefensa ba.

"Kai, tsoho, tayoyinka suna leƙowa," in ji Trifon. "'Yarka ba makauniya ba ce. Uwarta ta biyo, ba kai ba."

"Je ka sha kofinka ka dawo. Zan rufe su."

Siririn katako ɗaya ake bukata, a manna a gindin kabad ɗin ya ɓoye tayoyin ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Donka tana ɗakin girki, bai ga dalilin jira ba. Ya toshe kunnuwansa, ya kunna injin, ya fara tura katakon.

Yana tsakiyar tsagawa ta shigo da kwanonta.

Ba a sakin katako a tsakiyar tsaga, zai iya dawowa ya fasa wa mutum haƙarƙari. Kowane kafinta ya san haka. Zahari ya ɗaga mata haɓa, alamar ta jira. Ta dubi durowoyin ɗaya bayan ɗaya, daga sama har ƙasa. Bakinta ya motsa, bai ji komai ba. Ta ɗan rusuna masa yadda take yi wa baƙi, ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta juya.

Ya ɗauka ɗakin girki ta koma. Ya gama tsagawa, ya kashe injin. Da a nan ya bi ta, da ya same ta a bakin shinge. Amma katakon yana hannunsa, gam yana kusa, aikin minti goma ne. Ya shafa, ya manna, ya buga ƙusa uku, har ya goge gam ɗin da ya tsattsafo da yatsa. Aiki ya yi kyau.

Matar Trifon ce ta ƙarshe da ta gan ta, a kan hanyar da ta gangara wajen gari. Ta ce ta tambaye ta ina zuwa ba rigar sanyi, Donka ta amsa da fara'a, "An tashe mu daga wurinmu. Mijina yana hanya, zan tare shi in gaya masa, kada ya sha wahalar ƙarasowa." Matar ta ce ta ɗauka Zahari yana biye da ita. Kowa a garin ya ɗauki wani abu a ranar.

Washegari da hantsi wani makiyayi ya same ta ƙarƙashin tsohuwar gada, a tsugune, ta haɗa gwiwa da ƙirji, kanta ya kusa taɓa dutsen da ke samanta. Likita ya ce sanyi ne, ya ce ba ta sha wahala ba. Likitoci suna da tabbaci a kan abubuwan da ba su taɓa gwadawa ba.

Aka liƙa takardar rasuwa mai hotonta a ƙofar gida da ƙofar shago, kamar yadda ake yi. Ranar arba'in, bayan an dawo daga coci an ci dafaffiyar alkama ta sadaka, maza suka taru a shagon don su sha barasa inda mata ba sa gani. Wani ya ja durowar ƙasa, ya yi fito.

"Maistor, wannan shi ne aikin da ya fi kowane kyau da ka taɓa yi. Da tuni ka yi shi."

Zahari ya ce ya gode.

Bilyana ta tsaya bayan kowa ya watse, idanunta sun kumbura.

"Baba, da ban matsa maka ba..."

"Je ki duba tukunya. Ina jin ƙauri."

Ba ta taɓa lura da tayoyin ba. Katakon ya rufe su sarai, abin da aka yi shi dominsa ke nan.

Littattafai cike suke da mazan da yaƙi ko teku ya raba da matansu, kuma Zahari ya karanta da yawa daga cikinsu a sanyin da ya biyo baya. Bai ci karo da wanda ya rasa tasa saboda ƙusa uku ba.

Yanzu kowace safiya yakan sa yatsa ɗaya, ɗaya tak, ya ja kabad ɗin. Yana fitowa sumul, ko ƙara babu. Ya mayar da kujerar gurbinta, ya ajiye kwanon wake a kai, har yanzu a gauraye. Sannan ya tsaya da maganar da ta maƙale masa tun ranar Talatar, wadda ba za ta ɗauke shi numfashi biyu ba da ya kashe injin:

"Yana da taya, Donka. Ja ɗaya ne. Wurinki yana nan."