Makullin Tsohuwar Fijo

Hafsan ya miƙo hannu, tafin yana kallon sama. Gado ya dubi hannun kamar an roƙe shi ƙodarsa.

"Makulli, ya ammi," in ji shi, wato baffa da Larabci.

"Makullin mi?"

"Na motar. Zan gwada ta a kan hanya."

Tun hantsi suke farfajiyar ofishin murur na Sinnar, inda 'yan sandan hanya ke duba mota kafin su sabunta mata takarda. Gado ya taso daga Mai Wurno da jallabiyarsa ta Idi da rawani, da matarsa Hadizatu, da tsohuwar Fijo da ya gada wurin mahaifinsa. Motar ta girmi hafsan nesa ba kusa ba, amma abin da ke cikin hancinta sabo ne: injin wata Hailuks da ta kife a hanyar Madani, jiki ya tafi, inji bai ko yi tari ba. Gado ya saye shi da takardunsa, ya yi rani guda a bayan gida yana yanka ƙarfe yana walda, har ya zaunar da babban injin a gurbin ƙaramin.

Sai dai doka ta ce motar da aka sauya wa inji ba ta hawa kwalta sai murur sun duba sun sa hannu. In suka ƙi, babu komawa baya. Tsohon injin yana lambun ayabar surukinsa Ibrahim, yana jawo ruwa daga kogi, kuma Ibrahim bai taɓa mayar da abin aro ba, balle kyauta.

Hafsan, Hisham sunansa, ya riga ya duba lambar inji, ya duba fitilu, ya sa an danna hon. Komai daidai. Saura makulli.

To, tun rasuwar mahaifin Gado, hannun wani bai taɓa sitiyarin nan ba. Ko ranar da matar ƙanensa ke naƙuda, Gado barin gona ya yi ya kai su da kansa, da laka har gwiwa.

"Ɗana, kai ɗan ina ne?"

"Suki."

"Ashe ɗan gida ne! To zauna gefe, ni in tuƙa, kai ka saurara da kunne."

Hisham ya yi murmushi, ya haɗo Hausarsa da ƙyar, rabinta Larabci. "Ma fi, babu hanya, ya ammi. Birki sai na taka da ƙafata."

Wani direban lori da ke bayansu a layi ya leƙo ta taga. "Ya hajj, in ba ka ba shi, ɗauke ta a ka ka ba mu wuri!"

Hadizatu tana zaune ƙarƙashin dogon yaro kusa da mai shayi, ko tashi ba ta yi ba. "Baban Sawsan, ba shi mana. Ko so kake mu ja ta gida kaji su samu ɗaki?"

Gado ya zaro makullin daga aljihun ƙirji. Ya daɗe yana kwance zaren da ya ɗaure shi da shi, ko Allah zai sa a kira sallah. Ba a kira ba. Ya miƙa, ya zagaya ya shiga gefen fasinja, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa.

"Kulocinta ba ya son gaggawa. Ka lallaɓa ta. Kar ka..."

Motar ta riga ta fice daga ƙofa.

Akwai abin da Gado bai gaya wa kowa ba. A teburin shayi na kasuwar Mai Wurno ya sha rantsuwa cewa Fijonsa za ta wuce bas ɗin Khartum ta jira shi a gaba. Mazan teburin, da yake kowa na da irin tasa rantsuwar, ba wanda ya nemi shaida. Amma tun da ya ɗora injin bai taɓa yin gudun da zai tayar wa jaki hankali ba. Shi ya yi waldar, ya san kowane ɗinki da ke ƙarƙashin ƙafarsa, kuma da daddare su yake tunani.

Suna fita gari kwalta ta miƙe, Hisham ya ba ta wuta.

Injin ya yi wani gurnani da Gado bai san yana da shi ba. Gonakin dawa suka fara gudu baya. Ya damƙe ƙofa da hannu biyu, ya kama salati, yana jiran ƙarar ƙarfen da zai fara faɗuwa. Ya jira. Babu abin da ya faɗi. Ko madubi bai karkace ba.

Can gaba wata hafila, ƙaramar bas ta Mai Wurno, tana tafe cike da mutane, da buhunan albasa a kanta. Hisham ya ratse ya shafe ta. A ɗan tsakanin nan Gado ya ga fuskoki sun manne da gilashi, ya ga bakin Ɗanlami mahauci, ɗaya daga mazan teburin shayi, a buɗe. Bai san lokacin da ya saki ƙofar ba. Ya ɗaga musu hannu a hankali, yadda gwamna ke yi.

"Riƙe da kyau, ya ammi," in ji Hisham, ya duba madubi, ya take birki.

Tayoyi suka yi kuka. Rawanin Gado ya zubo ya rufe masa ido. Da ya ɗage shi, sai ga motar tsaye a tsakiyar layinta, ba ta ja dama ba, ba ta ja hagu ba, injin yana huci a hankali kamar bai yi komai ba.

"Wa ya yi maka birkin nan?"

"Ni."

"Da waldar?"

"Ni."

"Tamam. Zan sa hannu." Hisham ya sauka gefen hanya, ya kama juya sitiyari zai koma gari.

Gado ya dafa masa hannu. "An gama ke nan?"

"Khalas, an gama."

"Haba ɗana, aikin gwamnati ba a yin sa rabi da rabi. Ba ka gwada ta a hanyar Mai Wurno ba. Ga ta nan gaba kaɗan, ta gaban kasuwa ta bi."

"Akwai layi suna jira, ya ammi. Ga kuma Hajiya."

"Hajiya tana da inuwa."

Hisham ya dubi agogo, ya dubi dattijon, ya mayar da sitiyarin yadda yake.

Gado ya gyara rawani, ya sauke gilashi, ya fitar da gwiwar hannu ta taga.

"In mun zo wajen masu shayi," ya ce, "ka danna hon."