Shirun da Baba Ibram Ya Nema

"Ajiye taɓaryar nan, Ramatu! Na ce ki ajiye ta!"

Maƙwabciyar tamu ta tsaya da taɓarya a sama, tana kallona ta kan danga. "Haba Madam, to yara su ci mi?"

"Su ci haƙuri har waƙar ta ƙare."

Amma na makara. Daga zauren Baba Ibram na ji ƙas, an danne maɓalli, muryar tsohuwar da ke waƙa ta yanke. Sai tari ya biyo baya, irin wanda ke tasowa daga ƙasan ƙirji. Dakan Ramatu ya shiga faifai, ke nan sai ya sake daga farko.

Ni Mariyama ce, aikin gidan likita ya kawo ni Gure daga Tasawa, katanga ɗaya ta raba ni da Baba Ibram. Tun yana saurayi yake yawo da manyeto, injin ɗaukar murya a kaset, a Bune da Gamu da Gidigir, yana ɗaukar waƙoƙin niƙa, da na masu dafa manda, da busar algaita. Zaurensa kaset ne har rufi. Yawancin masu muryoyin sun riga mu gidan gaskiya, kasetocin ma sun kama hanyar bin su, don zafi na narka su, zare na tsinkewa, murya na dishewa.

A shekarar 1998 wani da ya dawo daga Libiya ya kawo masa ɗan inji, bai fi tafin hannu ba, mai ɗaukar sauti a kan ƙaramin faifai. Aka ce abin da ya shiga ciki ba ya dishewa komai yawan saurare. Baba Ibram ba shi da halin saye, sai ya sayar wa Hamza mai shagon kaset na tasha babban manyetonsa don ya sayi ƙaramin, bisa sharaɗin Hamza ba zai ɗauka ba sai tsohon ya gama juye kasetocinsa. Abu ɗaya ya rage, wayar da ke haɗa tsohon inji da sabo. Isa direba ya ɗauki alkawarin sayo ta a Damagaram. Wannan zuwa ya manta, wancan zuwa shagon a rufe, wani zuwan kuma bai ma tsaya ba da uzuri ba.

Sai tsohon ya yi dabarar talaka. Ya kafa mikro a gaban lasifika, ya rataya bargo a ƙofa, yana kunna wannan yana ɗauka da wancan. Duk abin da ya motsa a unguwa faifan na haɗiye shi, kukan jaki, tashin babur, tallan ƙosai. Kaset kuma ba a yi masa gaggawa, sai ya juya iya juyinsa. Da dare unguwa na yin tsit, amma a lokacin ne tari ke hana shi ko zama.

Na ɗaga bargon na shiga ba sallama. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na danna yatsa a sangalinsa, ramin ya ƙi cikowa.

"Baba, ruwa ne a ƙirjinka. Abin da muke da shi a nan ya kai iyakarsa. Damagaram za ka tafi, yau ba gobe ba."

"In na gama, Madam."

"In ka gama mi? Numfashi?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya samu kansa ya ɗaga wani kaset mai tsagaggen gida. "Yabawa ce wannan, ta Gamu. Jikokinta ma ba su san waƙar ba. In na kwanta a Damagaram Hamza shi ɗauki injinsa, wa zai fiddo ta daga nan?"

"Yabawa ta mutu, Baba. Kai ne ba ka mutu ba tukuna."

Matarsa Yakura na tsugune a bakin ƙofar cikin gida da kwanon kunu da ya huce. "Faɗa mishi, ɗiyata," ta ce. "Ni bakina ya gaji."

Na faɗa masa har muryata ta shaƙe, bai motsa ba. Na gane cewa hanya ɗaya ce za ta kai shi mota, ya gama. Daga ranar na zama mai gadin shiru. In na taso daga aiki ko farar riga ban cirewa, sai in tsaya a bakin lungu. Na kori masu talla, na daka wa mai amalanke tsawa, na yi cacar baki da matan da na karɓi haihuwarsu da hannuna. Suka sa mini suna Jandarma. In na wuce sai wata ta ƙwanƙwasa turmi don a yi dariya. Na bi gida gida na yi bayani cewa kowace ƙara kwana ce ake rage wa mutumin nan, suka ce to, Allah ya ba shi lafiya, suka ci gaba da abin da suke yi.

Hamza ma ya zo duba kayansa. Ya tsaya a ƙofar zauren bai kashe babur ba.

"Kashe shi!"

"Minti ɗaya ne, Madam. Tambaya zan yi, yaushe tsoho zai gama?"

"Da ka kashe shi da ya gama wannan."

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi kansa Baba Ibram ne. Wata rana na leƙa ta gefen bargo, na gan shi ya cusa bakin rawaninsa a baki ya cije, ƙirjinsa na tsalle, hawaye na zuba, idonsa na kan ɗan injin. Tari yake riƙewa don kada ya shiga waƙar mutane. Na so in fizge wayar wutar in jefa komai waje. Na tsaya na ƙyale shi har waƙar ta ƙare, don in na yi magana nima sai ya sake.

Kasetocin suka ragu har suka koma ɗan tsibi a kan tabarma. Ya ce wa Yakura ta wanke masa babbar riga, ran kasuwa zai bi motar Isa. Bai kai ran kasuwa ba. Da hantsi ta kira ni ta kan katanga, muryarta ƙasa ƙasa, don ko a lokacin tana tsoron ɓata masa aiki. Na same shi a kujerarsa, kai ya sunkuya, rawani a baki. Kaset bai ma ƙare ba.

Washegarin jana'iza unguwa ta yi tsit. Ramatu ta ɗauki turminta ta kai wata unguwa. Samari suna kashe babur tun daga bakin titi suna turo shi da hannu. Yara ma an tsare su a gida. Na tsaya a tsakiyar lungu ina kallonsu. Ashe sun iya. Duk tsawon lokacin nan sun iya.

Isa ya zo gaisuwa yana cewa wallahi wannan tafiyar ya yi niyyar sayo wayar. Hamza ya raɓo kusa da ni, hula a hannu.

"Madam, ba wai yau ba, amma injin..."

"Sai na gama."

Na je wurin Yakura a cikin mata na raɗa mata abin da nake so. Ta dube ni, ta dubi masu zaman makoki, ta kwance makullin zauren daga bakin zanenta ta ba ni.

Na sauke bargon. Kaset ɗin Yabawa ne a saman tsibin, Baba Ibram ya bar shi sai ranar da zai samu shiru sosai. Na sa shi, na gyara mikro yadda na sha ganin yana yi, na rage murya, na danna nan na danna can. Dutsen niƙa ya fara gurza, tsohuwar ta ɗauki waƙa. A waje ko kaza ba ta yi motsi ba. Kuka ya taso mini daga ƙirji, sai na jawo bakin mayafina na cusa a baki na cije.