Ƙaramar Wuta a Murhun Arvid

Tun muna da ƙarfinmu ni da Arvid Solberg muke ajiye tirelolinmu na kwana a layi ɗaya, a bakin wani tafki na arewacin Minnesota, tawa tana jikin tasa. Duk lokacin zafi muna nan, sai sanyi ya kore mu gida. Bara matarsa Ardis ta rasu. Bana kuma sai ga 'yarsa Renae ta biyo shi, wai ta zo hutun ƙarshen mako.

Da safiyar Asabar, Arvid yana kan ruwa yana kamun kifi, ta same ni a ƙarƙashin rumfata ina shan kofi.

"Kawu Wendell, ba hutu ya kawo ni ba," in ji ta. "Ni da yayana mun shirya sayar da tirelar nan. Har mai saye an samu. Na ce a dakata in zo in gani da idona tukuna."

Na ce, "To."

"Ba tsufansa nake tsoro ba, taurin kansa nake tsoro. Baba ko rufi ya faɗo masa ba zai kira kowa ba. A da Mama ce ke zagayawa ta kira mutane ba da saninsa ba. Yanzu fa?"

Na ƙara mata kofi.

Da hantsi Arvid ya dawo da kifi, ya aika wa duk layin cewa abincin rana a ƙofarsa za a ci. Yana da abin nunawa. Ya sayo dogon tiyo da zai haɗa ƙaramin murhun gashinsa da bakin gas ɗin da ke gefen tirela, wanda ke sha daga manyan tukwane biyu na gaba. Ƙananan kwalaben gas da murhun ya saba aiki da su kuwa, tun jiya ya kwashe ya kai wa Loretta, maƙwabciyarmu ta tsallaken hanya, har da jawabin cewa shi ya wuce zamanin kwalba.

A layinmu akwai wata al'ada da ba wanda ya san mai kafa ta. In mutum yana aiki a tirelarsa, kana iya jawo kujerarka ka zauna ka yi kallo, kana iya tsokanarsa har ka gaji. Amma ba ka ce masa ga yadda ake yi, ba ka taɓa masa kaya, sai ya tambaya da bakinsa, ko kuwa ka ji warin gas. Saboda haka kafin ya gama kwance tiyon, kujeru sun kewaye shi.

Gaskiya aikinsa da tsabta. Ya cusa bakin tiyon har ya ce ƙyas, ya ɗaura ɗaya bakin a murhu, ya buɗe makunni, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Ba kumfa ko ɗaya. Ya dubi Renae ya tabbatar ta gani, sannan ya kunna.

Wuta ta kama, shuɗiya, 'yar mitsitsiya, ba ta fi ta ashana ba.

"Sai ta ɗan ɗumama," in ji Arvid. Ya jera kifi a kai.

Muka zauna. Kifin yana kwance abinsa, ko gumi bai yi ba.

"Arvid," in ji Loretta, "kifin nan gasa shi kake yi ko jinyarsa?"

"Wuta a hankali ita ce gashi. Ke da kike ƙona ruwan zafi me kika sani?"

"Ai na ga na gefen can ya juya, ina jin bargo yake nema."

Duk mun san ciwon. Gas ɗin da ke fitowa daga gefen tirela ya riga ya bi ta wata 'yar na'ura da ake kira regileta a wurin tukwane, an rage masa ƙarfi. Murhun kuma yana da tasa regiletar, wadda aka yi don ƙaramar kwalba. An rage, an sake ragewa, me zai saura? Rabin mutanen da ke zaune a wurin sun taɓa faɗawa wannan rami. Ita kanta Loretta, shekarar da ta faɗa, burodi da man gyaɗa baƙinta suka ci.

Arvid ya ce iska ce, ya juya murhun. Ya ce tukunya ce ta ƙare, ya je ya ƙwanƙwasa ta, ya ji ta a cike. Ya ce mai shagon ne ya sayar masa da tiyon banza. Renae tana zaune a matakalar tirela, waya a hannunta, tana juya ta. Ba ta dariya tare da mu.

Loretta ta lura da fuskar yarinyar, ta buɗe baki za ta faɗa. Na girgiza mata kai. In muka cece shi bai nema ba, mun zama Ardis ke nan, kuma Renae ta ga abin da ta zo gani.

Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Arvid, 'yarka fa tana jin yunwa."

Ya sunkuya ya rufe makunni, wutar ta mutu. Ya miƙe yana goge hannu a wando, ya ɗaga kai ya dubi 'yar tagar kicin ɗin tirela, inda Ardis ta saba leƙowa. Ya daɗe yana kallonta.

"Loretta," in ji shi.

"Na'am, gwani."

"Naki murhun ya taɓa yin haka?"

"Wannan tambaya ce ko hira?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Tambaya ce. Ban san abin da ke damunsa ba."

Loretta ta miƙa hannu ƙarƙashin kujerarta ta jawo wani tsohon gwangwanin kofi. Ashe tun zuwanta yana wurin. Ta zaro 'yar mahaɗar tagulla, irin wadda ake sa wa murhu a madadin regiletarsa, ta bayyana masa a jimla biyu.

"Tun ɗazu yana ƙarƙashinki?"

"Tun da ka kawo mini kwalabe jiya na nemo shi."

"Muguwa."

"Na gode. Karɓi sifana."

Shi ya yi aikin da hannunsa. Ya cire, ya ɗaura, ya sake bin mahaɗar da ruwan sabulu, ya jira. Da ya kunna, wuta ta tashi da ƙara, kifi ya fara tsuwa, ƙamshi ya cika layin.

Renae ta tashi ta gangara bakin ruwa da wayarta. Ba saurare na yi niyyar yi ba, iska ce ta kawo mini. "Ka ba mutumin haƙuri," take ce wa yayanta. "A'a, bana dai ba za a sayar ba. Wallahi da kunnena na ji. Cewa ya yi bai sani ba."

Da ta dawo, Arvid ya zaɓo mafi girman kifin ya ɗora mata a faranti, da dankali da masara.

"Da ma na kusa gano shi," in ji shi.

"Na sani, Baba."

"Yaya yayanki? Ya gaishe ni?"

"Ya gaishe ka."

"Madalla. Ki ce ya gaida mini mai sayen."

Renae ta tsaya da cokali a hannu. Arvid ya juya wajen murhu yana tambayar wa ke son ƙari, Loretta kuma tana sanar da shi cewa kwalaben nan sun zama nata, ko da kuka ya zo ba za ta mayar ba.

Ban taɓa tambayarsa yaushe ya sani ba. Tirelarsa dai tana nan jikin tawa.